Darasi na Tara: Yadda Ake Rage Nauyin Fayil ɗin Murya a Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa naɗar tafsirin azumi, ko laccar makaranta, ko taron ƙungiya, ya san abin da ke biyo baya. An tashi daga zama, murya ta fito tangaran, sai a zo turawa fayil ya ƙi tafiya. Gmail ba ya karɓar abin da ya wuce MB 25 a maƙale da wasiƙa. Inda aka karɓa kuma, data ta ƙare kafin a kai rabi, ko wanda aka tura wa ya ga nauyin ya fasa saukewa. A wannan darasi za ku koyi abin da ke sa fayil ɗin murya ya yi nauyi, da yadda za ku lissafa nauyinsa tun kafin ku fitar da shi, da yadda za ku rage shi a manhajar Audacity ba tare da kun ɓata maganar da ke ciki ba. Kuna buƙatar kwamfuta, da abin sauraro na kunne, da fayil ɗaya na magana wanda tsawonsa ya kai minti 10.

Daga ina nauyin yake zuwa?

Kwamfuta lambobi kawai ta sani. Idan mutum ya yi magana, iska tana kaɗawa, makirufo ya mayar da kaɗawar ta zama lantarki mai hawa da sauka, kwamfuta kuma ta riƙa auna ƙarfin lantarkin tana rubutawa. A tsarin faifan CD ana yin wannan awon sau 44,100 a kowane sakan. Kowane awo yana cin bit 16, kuma layi biyu ake aunawa, ɗaya na lasifikar dama, ɗaya na ta hagu. Idan kuka ninka 44,100 da 16, sannan da 2, za ku sami bit 1,411,200 a sakan ɗaya tak. Bit 8 ne ke yin bayit 1, don haka kowane sakan yana cin bayit 176,400. Minti ɗaya ya ɗan haura MB 10, awa ɗaya kuma ta kai MB 635.

Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .wav galibi a haka yake ajiye murya. Kamfanonin Microsoft da IBM ne suka fito da tsarin a 1991, kuma har yau shi masu aikin sauti suka fi so wajen naɗa da gyara, domin ba ya zubar da komai. Sai dai ba ruwansa da abin da ke cikin muryar. Mintin da malam ya yi shiru yana buɗa littafi, nauyinsa ɗaya da mintin da ya yi yana karatu.

Mu ɗauki tafsirin da ake yi awa 2 kullum har kwana 30. A tsarin WAV irin na CD, zaman rana ɗaya MB 1,270 ne, na wata kuma ya kai GB 38. Katin memori na GB 32 ba zai ɗauke shi ba. Ku riƙe wannan lambar, za mu ga inda za ta koma.

Ninkewa da yankewa

Hanyoyin matse fayil iri biyu ne. Mai babbar riga da ta ƙi shiga jaka yana iya ninke ta sosai ta shiga, in ya isa masauki ya warware ta ta koma yadda take. Yana kuma iya kai ta wurin tela a rage mata yadi. Za ta fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma yadin da almakashi ya cire ya tafi ke nan.

FLAC, wanda ya fito a 2001, ninkewa yake yi. Yakan mayar da fayil kusan rabin nauyinsa, ko sama da haka kaɗan, kuma idan aka warware shi ko lamba ɗaya ba ta ɓata. Ya dace da ajiya ta dogon lokaci, amma rabin MB 1,270 har yanzu kaya ne ga mai sayen data. ZIP ma ninkewa ce, kuma a kan murya ba ya taɓuka abin kirki. Idan kuka sa MP3 a cikin ZIP, da ƙyar za ku ga bambanci.

MP3 shi ne na yankewa. An yi mafi yawan aikinsa a cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, inda Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna nazarin abin da kunne ke ji da wanda ba ya ji. An fitar da ƙa'idarsa a 1993, aka sa masa sunan .mp3 a 1995. Dabarar ta dogara ne da raunin kunnen ɗan Adam. Kunne ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce kimanin 20,000 a sakan, kuma wannan iyakar tana sauka yayin da shekaru ke ja. Bayan haka, ƙara mai ƙarfi tana danne ƙaramar ƙara da ke kusa da ita. Idan ana dukan ganga a gabanku, ba za ku ji motsin takalmin makaɗin ba, duk da cewa makirufo ya ɗauka. MP3 yana duba kowane ɗan guntun murya, ya kashe yawancin bit ɗinsa a kan abin da kunne zai kama, ya yi wa sauran rowa ko ya watsar da shi. In an ba shi isasshen wuri, abin da ya zubar ba mai lura. In an takura shi, sai ya fara taɓa abin da ake ji.

Bayan MP3 an sami waɗanda suka fi shi iya aiki. AAC ya fito a 1997, shi ne yawanci ke cikin fayil mai .m4a da wayoyi da yawa ke naɗa. Opus ya fito a 2012, da shi WhatsApp ke aika saƙon murya, shi ya sa dogon saƙo ke tafiya ko da sabis ba ƙarfi. A ƙaramin nauyi Opus ya fi MP3 fitar da magana, wannan ba gardama. Duk da haka a wannan darasi MP3 za mu yi amfani da shi, saboda masu sauraronku. Ƙaramar waya mai madannai, rediyon mota, da ƙaramar rediyon da ake sa wa memori a shago, kusan dukkansu suna karanta MP3, yawancinsu kuwa ba su san Opus ba. Fayil ɗin da ya ƙi buɗewa a rediyon tsohuwa ba shi da amfani a wurinta, kome ƙanƙantarsa.

Lambar kbps

Nauyin MP3 abu biyu ne ke yanke shi: tsawon muryar, da yawan bit ɗin da aka ba kowane sakan. Wannan na biyun ana rubuta shi da kbps, wato bit dubu nawa a sakan. WAV ɗin da muka lissafa a sama kbps 1,411 ne. MP3 ba ya wuce kbps 320, kuma ana iya saukar da shi ƙasa da 32.

Ga lissafi mai sauƙi da ya kamata ku haddace: ku ninka lambar kbps da 0.45, abin da ya fito shi ne nauyin awa ɗaya a MB. A kbps 128, awa ɗaya MB 57.6 ce. A 64 ta koma MB 28.8, a 48 ta zama MB 21.6, a 32 kuma MB 14.4. Wanda yake son ya san inda 0.45 ta fito, ya ninka lambar kbps da sakan 3,600 da ke cikin awa, ya raba da 8, sannan ya raba da 1,000. Kada ku damu idan lambar da Windows ta nuna muku ta ɗan gaza wannan. Ita tana ƙirga 1,024 a inda muka ƙirga 1,000, shi ya sa MB 635 ɗinmu za ta nuna shi kusan 605.

Yanzu tafsirin nan na GB 38. A kbps 48, zaman awa 2 ya koma MB 43.2, na wata gaba ɗaya MB 1,296, wato GB 1.3. Karatun wata guda ya zo kusan daidai da nauyin zaman rana ɗaya na WAV.

To wace lamba za a zaɓa? Ya danganta da abin da aka naɗa. Maganar mutum ɗaya, kamar wa'azi, lacca ko karatun littafi, tana fita lafiya a kbps 48 zuwa 64 a layi ɗaya. Kbps 32 na lokacin matsi ne: za a fahimci magana, amma za a ji muryar ta ɗan dushe. Karatun Alƙur'ani, musamman wanda ɗalibai za su koyi tajwidi da shi, kada ku sauko da shi ƙasa da 64, in da hali ma 96, domin mai koyo yana buƙatar ya ji bambancin haruffan da mafitarsu ke kusa da juna. Kiɗa da waƙa su ne masu cin wuri. Kalangu, kuge, shantu da amshin 'yan mata duk a lokaci guda sun fi ƙarfin kbps 64, sai a ba su 128 zuwa 192. Mutane da yawa suna zaɓar 320 a kan komai don sun ga ita ce babba. A kan maganar da aka naɗa da waya a cikin masallaci, wannan ɓarnar data ce kawai.

Akwai saiti biyu da ke tafiya tare da lambar kbps, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa. Na farko shi ne mono da sitiriyo. Sitiriyo layi biyu ne, mono layi ɗaya. Mutum ɗaya da ke magana a makirufo ɗaya ba ya buƙatar layi biyu. A WAV, mayar da sitiriyo mono yana raba nauyi biyu nan take. A MP3 kuwa, idan kuka mayar da shi mono kuka bar lambar a 128, nauyin ba zai motsa ba, domin 128 ɗin ce ke yanke nauyi. Amfanin mono shi ne duk bit ɗin su tattaru a layi ɗaya, sai ku sami damar saukar da lambar ba tare da muryar ta lalace ba.

Na biyu shi ne yawan awo a sakan, wanda ake rubutawa da Hz. Ƙa'idar ita ce, fayil yana iya riƙe sautin da kaɗawarsa ta kai rabin yawan awon. Awo 44,100 yana riƙe har kusan 22,000, ya rufe duk abin da kunne ke ji. Layin tarho na da yana awo 8,000 ne kawai, shi ya sa a waya akan kasa bambanta "s" da "f". Idan za ku yi amfani da kbps 64 ko sama, ku bar shi a 44,100. Idan za ku sauka zuwa 48 ko 32, ku mayar da shi 22,050. Wannan ya ishi magana, kuma yana hana 'yan bit ɗin da ake da su watsuwa a kan sautin da ba a buƙata.

Aiki a Audacity

Audacity manhaja ce ta kyauta. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara ta a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, aka sake ta ga jama'a a 2000. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma da zarar an saka ta ba ta buƙatar intanet. Rubutun da ke kan allonta na Turanci ne, don haka za mu kawo sunayen kamar yadda za ku gan su.

Kafin ku buɗe ta, ku yi abu biyu. Ku buɗe sabuwar folda ku sa mata suna "Asali", ku kwafi fayil ɗin ku ajiye a ciki, kada ku ƙara taɓa shi. Sannan ku danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ku zaɓi Properties. A shafin farko za ku ga nauyinsa, a shafin Details kuma za ku ga tsawonsa da lambar kbps ɗinsa. Ku rubuta ukun a littafinku. Idan kuka tarar fayil ɗin dama a kbps 48 yake, to an riga an matse shi, ƙarin matsi ba abin da zai jawo sai lalacewa.

Ku buɗe Audacity, ku shiga File, ku zaɓi Open, ku nemo fayil ɗin. Muryar za ta bayyana a matsayin zane mai tudu da kwari daga hagu zuwa dama. Inda zanen ya yi kauri magana ce, inda ya zama siririn layi shiru ne. In kun ga zane biyu, ɗaya a kan ɗaya, fayil ɗin sitiriyo ne. Idan fayil ɗinku .m4a ne kuma ya ƙi buɗewa, ana buƙatar a ƙara wa Audacity wani ɓangare mai suna FFmpeg, malaminku zai nuna muku.

Ku fara da yanke abin da ba a buƙata, domin shi ne ragin da ba ya taɓa ingancin murya ko kaɗan. Farkon yawancin naɗi cike yake da gwajin makirufo, jan kujeru da gaishe-gaishe, ƙarshensa kuma hayaniyar watsewa. Ku ɗora linzami a farkon wurin, ku danne, ku ja zuwa ƙarshensa, wurin zai canza launi. Ku latsa dogon maɓallin tazara ku saurara don ku tabbatar ba ku haɗa da magana ba, sannan ku latsa Delete. In kun yanke abin da bai kamata ba, Ctrl da Z za su dawo da shi. A ƙarƙashin Effect akwai Truncate Silence, wanda ke bi da kansa yana taƙaita dogon shiru. Yana da amfani a naɗin taro, amma ku yi hankali da shi a karatu da wa'azi. Shirun da mai magana ya yi kafin ya faɗi muhimmin abu yana cikin maganar, in aka cire shi sai a ji kamar ana korar sa.

Daga nan ku shiga Tracks, ku zaɓi Mix, sannan Mix Stereo Down to Mono. Zane biyun za su haɗe su zama ɗaya.

Saura fitarwa. Ku shiga File, ku zaɓi Export Audio. A tsofaffin Audacity za ku ga Export, sannan Export as MP3. Idan ta tambaye ku ko a intanet za a ɗora ko a kwamfuta za a ajiye, ku zaɓi kwamfuta. A akwatin da zai buɗe, ku sa sabon suna wanda zai gaya muku abin da ke ciki, misali "tafsir-rana-01-48k". A wurin Format ku zaɓi MP3, a Channels ku zaɓi Mono, a Sample Rate ku sa 22050. A Bit Rate Mode ku zaɓi Constant, a Quality kuma 48 kbps, sannan ku danna Export. Constant yana ba kowane sakan bit daidai wa daida, shi ya sa lissafinmu na 0.45 ke fita cif. Variable yana ƙara wa wuri mai wuya, ya rage wa shiru, kuma sau da yawa ya fi kyau, sai dai wasu ƙananan rediyoyi kan nuna tsawon fayil ɗin ba daidai ba ko su rikice in an tura gaba.

Ku lura, Save Project ba ya ba ku fayil ɗin da za a saurara a waya. Yana ajiye aikin ne a fayil mai .aup3 wanda Audacity kaɗai ke buɗewa, kuma yakan yi nauyi sosai.

Idan an gama fitarwa, ku sa abin sauraro a kunne ku buɗe sabon fayil ɗin. Ku saurari farko, tsakiya da ƙarshe. Ku kasa kunne ga "s", "sh" da "ts", domin su ne ke fara lalacewa. Ku nemi inda aka ce "tsarki" ko "shekara" ko "sallama". In kun ji suna fita da wani shuu, ko muryar tana rawa kamar daga cikin ruwa, an matse da yawa. Ku koma Audacity ku sake fitarwa da lambar da ke sama. Bayan kunne, ku gwada shi a irin na'urar da masu sauraronku ke riƙe da ita.

Abubuwan da ba sa aiki

Canza sunan fayil daga .wav zuwa .mp3 ba ya canza komai a cikinsa, sai ma ya sa wasu na'urori su ƙi buɗe shi. Rage ƙarar murya ba ya rage nauyi. Ɗaukar fayil na kbps 32 a fitar da shi a 128 yana ninka nauyinsa sau huɗu, muryar kuma tana nan a dushe, domin abin da aka zubar ba ya cikin fayil ɗin balle a dawo da shi.

Mafi muni shi ne matsi a kan matsi. Kwafar fayil daga kwamfuta zuwa memori ko filash ba ta rage masa komai, ko sau ɗari aka yi, ba kamar kaset ba da kowane kwafi ke raunana. Amma duk lokacin da aka buɗe MP3 aka sake fitar da shi a MP3, an sake yanka. Wannan ne ya sa wasu tsofaffin wa'azozi da waƙoƙi da ke yawo a wayoyi suka zama da ƙyar ake gane abin da ake faɗa: kowa ya karɓa ya matse ya tura. Duk sanda kuke son wani nauyi dabam, ku koma foldar "Asali" ku fara daga can.

Akwai shafukan intanet da ke rage fayil kyauta. Kafin ku yi amfani da su ku tuna cewa sai kun ɗora babban fayil ɗin tukuna, wato kun kashe datar da kuke gudun kashewa. Kuma naɗin zaman sulhu, rabon gado ko taron kwamiti bai kamata ya je hannun wanda ba ku sani ba. Haka nan, iya rage fayil bai ba mutum izinin raba waƙa ko littafin wani ba sai da yardar mai shi.

Aikin yi

1. An naɗi lacca ta minti 90. Nawa ne nauyinta a kbps 64? Wace lamba za ku zaɓa idan ana so ta shiga wasiƙar Gmail?

2. Wani ya mayar da MP3 ɗinsa mono, ya bar shi a kbps 128, ya ce nauyin bai ragu ba. Ku bayyana masa dalili.

3. Ku ɗauki fayil ɗinku na minti 10, ku fitar da shi sau uku daga asali: a kbps 128, da 64, da 32. Ku rubuta nauyin kowanne, ku gwada da abin da lissafi ya ba ku.

4. Ku kunna wa wani a gida fayil ukun ba tare da kun gaya masa wanne ne wanne ba, ku rubuta wanda ya ce ya fara jin canji a kansa.

Ku zo aji na gaba da fayil ukun a filash, tare da na asalin, za mu saurare su a lasifika ɗaya.